Ruwa Ba Ya Tsami Banza: Tarihin Ruwan Sha a Jiragen Ruwa Masu Tafiya da Iska

Kamar yadda muka saba, ga rubutaccen shirin wannan makon domin waɗanda data ba ta ba su damar sauraro ba, da kuma waɗanda karatu ya fi musu daɗi.

Yau za mu bar tudu mu shiga teku. A ƙasashen da sanyi ke daskarar da ruwa, irin su Kanada, arewacin Amurka, Suwidin da Nowe, akwai masu ƙananan jiragen ruwa na filafilai, wato jiragen da iska ke turawa idan ta bugi manyan ƙyallayen da aka ɗaura a jikin dogon sanda. Wajen Oktoba ko Nuwamba sukan fitar da jiragen daga ruwa su ajiye a kan tudu. Idan ƙanƙara ta narke, wajen Afrilu ko Mayu, kafin jirgi ya koma ruwa akwai aikin da mai hankali ba ya tsallakewa: wanke tankin ruwan sha da duk bututun da ke haɗe da shi. Aikin yini ɗaya ne, kayan aikinsa kuma tiyo ne da bokiti da kwalbar bilic. To abin da nake so mu duba shi ne, kafin a iso ga wannan ɗan aikin, an yi kusan shekara 500 ana biyan kuɗin karatunsa da rayukan mutane, kuma yawancin waɗanda suka biya ba su ne masu jiragen ba.

Mu fara da tushen matsalar. Kowace lita ɗaya ta ruwan teku tana ɗauke da gishiri kimanin giram 35. Ƙodar ɗan Adam ba ta iya yin fitsari mai gishiri har haka, saboda haka idan mutum ya sha, sai jiki ya ɗebo daga ruwan da yake da shi domin ya fitar da gishirin. Ka sha kofi ɗaya, ka yi asarar fiye da kofi ɗaya. Kenan duk ɗigon da za a sha a tsakiyar teku, daga tudu za a ɗauko shi, in ba wanda sama ta bayar ba.

Ku yi lissafi da ni. Jirgi mai mutum 200, a ce lita 2 kacal za a ba kowa a yini, lita 400 kenan kullum. Tafiyar wata uku, lita 36,000. Jarka mai lita 25 guda 1,440 kenan, ban da girki, wanka kuwa ba a ma maganarsa.

A me ake zuba wannan ruwan? A gangunan katako. Ina ake ɗebo shi? A kogin da ya fi kusa da tashar jirgi. Jiragen Landan daga kogin Thames suke cikawa, kogin da ƙazantar birnin ke gangarawa cikinsa. A jera gangunan a can ƙasan jirgi, cikin duhu da zafi. Kafin 'yan makonni ruwan ya soma yauƙi, ya canza launi, in an buɗe ganga wari ya taso kamar na ruɓaɓɓen ƙwai. Yau mun san dalili: ƙananan halittu ne ke cin dattin da ke cikin ruwan da abin da katakon ke saki, wasunsu kuma idan iska ta ƙare a cikin ganga sai su riƙa fitar da wannan iskar mai wari. Su matuƙan wancan zamani ba su san haka ba. Har imani suka yi cewa ruwan Thames yakan lalace sannan ya gyara kansa in an buɗe shi ya sha iska. Warin kam yakan tafi, dattin ya kwanta. Abin da ido ba ya gani kuwa, wannan wata magana ce.

Misalin da ya fi shahara shi ne tafiyar Ferdinand Magellan. Ya bar Sifaniya a 1519 da jirage 5. A ƙarshen Nuwamba 1520 ya shiga Tekun Fasifik ba tare da sanin faɗinsa ba, bai sami inda zai yi guzuri ba sai a tsibirin Guam a Maris 1521. Wani ɗan Italiya da ke cikin tafiyar, Antonio Pigafetta, ya ba da labarin cewa fiye da wata uku suna shan ruwan da ya koma rawaya ya ruɓe, suna cin garin biskit mai tsutsa da fatar da aka naɗe sandunan jirgi da ita, har ɓera sai da ya yi kuɗi. A Satumba 1522 jirgi ɗaya ne ya koma Sifaniya, da mutum 18.

To wace dabara Turawan suka fara yi? Biyu ce: giya da awo. Rundunar ruwan Ingila ta ware wa kowane ma'aikaci galan ɗaya na giya a yini, domin ta fi ruwa jimawa kafin ta lalace, ko da yake ita ma takan yi tsami a ƙasashe masu zafi. Bayan Ingila ta ƙwace Jamaika a 1655, sai barasar rake ta shigo. Buguwa ta yi yawa har a 1740 wani babban hafsa, Edward Vernon, ya ba da umarnin a riƙa sirka ta, kashi ɗaya na barasa, kashi huɗu na ruwa. Wannan rabon barasar bai tsaya ba sai ranar 31 ga Yuli, 1970. Kun ga yadda rashin ruwa mai kyau ya haifi al'adar da ta yi fiye da shekara 200 bayan umarnin Vernon, har ta daɗe bayan dalilinta ya gushe.

Awo kuwa, a saman jirgi akan ajiye ganga ɗaya mai rami, wadda kowa zai sha daga ciki. In ruwa ya yi ƙasa, sai a tsayar da soja a kanta. A gindin wannan gangar ake haɗuwa a yi hira, shi ya sa sunanta na Ingilishi, scuttlebutt, ya koma yana nufin gulma har gobe. Duk wanda ya taɓa bin layin famfo a unguwa ya san yadda aka yi.

In kuna son ganin iyakar awo, ku dubi William Bligh. A Afrilu 1789 ma'aikatan jirginsa, Bounty, suka yi masa tawaye, suka saka shi da mutum 18 a kwalekwale mai tsawon mita 7, da ruwa galan 28, kusan jarka biyar. Suka yi kwana 47 suna tafiya, kilomita fiye da 6,000, har tsibirin Timor. Abin da ake auna wa mutum a lokaci ɗaya bai kai sulusin ledar fiya wata ba, ruwan sama ne ya riƙa cike musu giɓi. Mutum ɗaya ne ya mutu a kan hanya, kuma ba ƙishi ne ya kashe shi ba. A tsibirin Tofua aka kashe shi, inda suka sauka neman ruwa da abinci.

Wannan ya kawo mu ga ɓangaren da ya shafi nahiyarmu. Jirgin da ruwansa ya ƙare ko ya ruɓe, dole ya tsaya a gaɓar wasu, kuma kowace rijiya da kowane marmaro yana da masu shi. A Fabrairu 1488, Bartolomeu Dias na Fotugal ya sauka a wurin da yau ake kira Mossel Bay a Afirka ta Kudu domin ɗiban ruwa. Makiyayan Khoikhoi suka tare mashayarsu da jifa, Dias ya harbe ɗaya daga cikinsu da kibiya. A 1510 Francisco de Almeida, wanda ya wakilci sarkin Fotugal a Indiya, ya tsaya ɗiban ruwa a inda Cape Town take yanzu. Mutanensa suka kai wa wani ƙauye farmaki domin kwasar shanu, Khoikhoi suka mayar da martani, suka kashe shi da mutanensa fiye da 50.

A 1652 kamfanin Holan mai fatauci da gabashin Indiya ya aiko Jan van Riebeeck ya kafa zango a wannan wurin. Aikin zangon shi ne ya tanadar wa jiragen kamfani ruwa, ganye da nama. Zango ya buƙaci lambu, lambu ya buƙaci fili, filin kuwa makiyayar wasu ce. Kafin 1660 an gwabza yaƙin farko tsakanin baƙin da Khoikhoi a kan ƙasa da shanu. Birnin Cape Town da mulkin fararen fata da ya biyo baya, daga mashayar jirage suka tsiro.

Amma inda maganar ruwa ta fi muni shi ne jiragen bayi. Kimanin mutum miliyan 12 da rabi aka loda daga gaɓar Afirka, kimanin miliyan 10.7 suka sauka da rai. Babban abin da ya kashe sauran shi ne gudawa da atini da bushewar jiki, a cikin zafin ƙasan jirgi, da ɗan ruwan da ake auna musu. Lissafin ɗan kasuwar a fili yake: duk wurin da gangar ruwa ta cinye, wurin da za a cusa ƙarin mutum ne a sayar.

Ku riƙe sunan jirgin nan, Zong. Na wasu 'yan kasuwar Liverpool ne. Ya bar gaɓar Accra, Ghana ta yau, a 1781 da bayi 442, fiye da abin da jirgi irinsa ya saba ɗauka nesa ba kusa ba. Matuƙan suka yi kuskuren hanya, suka wuce Jamaika suna zaton wani tsibiri ne. Daga 29 ga Nuwamba suka fara jefa mutane cikin teku da ransu, mata da yara a farko, har fiye da mutum 130 cikin 'yan kwanaki. Hujjarsu ita ce ruwa ya kusa ƙarewa. Ga abin da ke ƙarƙashin hujjar: bawan da ya mutu da ciwo asarar mai jirgi ce, wanda aka jefar domin a ceci sauran kaya kuwa, kamfanin inshora ake sa ran zai biya, fam 30 kowane kai.

Kamfanin inshorar ya ƙi biya, aka je kotu a Landan a 1783. A nan ta fito cewa an yi ruwan sama an tari ganguna kafin a jefa rukunin ƙarshe, masu inshorar kuma suka ce jirgin ya isa Jamaika da ragowar ruwa galan 420, kimanin lita 1,900. Shari'ar fa ta kuɗin inshora ce. Ba a gurfanar da kowa da laifin kisa ba. Olaudah Equiano, ɗan Afirkan da ya fanshi kansa daga bauta, shi ya kai labarin ga Granville Sharp, daga nan ya zama makami a hannun masu yaƙi da cinikin bayi.

Kada mu ɗauka wannan tarihin wasu ne can. A farkon ƙarni na 19, yaƙe-yaƙen ƙasar Hausa da maƙwabtanta sun sa an riƙa tura kamammu kudu, ana loda su daga tashoshi irin su Legas da Wida zuwa Bahia a Barazil. Yawan Hausawa a can ya kai har a 1807 hukuma ta gano suna shirin tawaye a birnin Salvador. Waɗannan mutanen, da wannan awon ruwan suka haye teku.

Ganga ta kuma zama shaida a kotu. Ingila ta haramta wa 'yan ƙasarta cinikin a 1807, ta sa jiragen yaƙi sintiri a gaɓar Afirka ta Yamma. Da farko sai an sami bayi a cikin jirgi kafin a kama shi. Yarjejeniyar da ta ƙulla da Sifaniya a 1835 ta ba da damar kama jirgi ko babu bawa ɗaya a ciki, muddin an ga kayan sana'ar: mari da sarƙoƙi, manyan tukwane, da gangunan ruwa fiye da abin da ma'aikatan jirgin ke buƙata. Jirgi mai ma'aikata 20 da ruwan mutum 400, ai ba sai an tambaye shi inda za shi ba.

To ta yaya aka fita daga wannan hali? A hankali, ta hanya uku.

Ta farko, tafasa ruwan teku a tari tururinsa, domin gishiri ba ya bin tururi. Likitan rundunar ruwan Ingila James Lind ya nuna haka a farkon shekarun 1760, a 1772 kuma majalisar ƙasar ta ba wani Charles Irving fam 5,000 saboda tukunyar da ya ƙera, wadda Kyaftin James Cook ya tafi da irinta a tafiyarsa ta biyu. Matsalarta cin itace, ga ruwan kaɗan. Sai da jiragen tururi suka zo a ƙarni na 19 dabarar ta yi ƙarfi. Irin wannan injin ne aka kafa a Jidda a farkon ƙarni na 20, garin da alhazanmu na ƙasa ke sauka bayan sun haye Bahar Maliya daga Sudan. Mutanen garin suka sa masa suna Kindasa.

Ta biyu, gawayi. Wajen ƙarshen ƙarni na 18 aka lura cewa gawayi yana janye wari da launi daga ruwa, sai aka soma babbake cikin ganga kafin a cika ta. Filtar da ake sa wa famfon jirgi a yau, gawayi ne a cikinta.

Ta uku, wadda ta fi canza komai, tankin ƙarfe. A 1808 Richard Trevithick da Robert Dickinson suka yi rajistar fasahar tankunan ƙarfe na jirage a Ingila, cikin shekarun da suka biyo baya kuma rundunar ruwan ƙasar ta rungume su. Tanki mai kusurwa huɗu ya fi ganga cin ruwa a wuri ɗaya, ba ya yoyo kamar katako, ba ya ciyar da halittun da ke ruɓar da ruwa, kuma da injin hannu ake jawo ruwan maimakon a yi ta mirgina ganguna. Tsatsa takan rina ruwan, sai aka riƙa shafe cikin tankin da farar ƙasa ko siminti. Daga nan aka sami sabon aiki a jirgi: lokaci-lokaci a kwashe tanki, mutum ya shiga ciki ya goge, a sake shafawa. Kakan aikin da muka fara magana a kansa kenan.

Duk da haka, har lokacin hanci da harshe ne alƙalai. In ruwa ba ya wari, an ɗauka lafiya lau. A 1854 kwalara ta kashe mutum fiye da 600 a wata unguwa ta Landan, likita John Snow ya bi gidajen mamatan ya gano famfo ɗaya suke sha, a titin Broad, famfon da mutane ke yabon ruwansa. Aka cire hannun famfon. Shekara 30 bayan haka, Robert Koch na Jamus ya gano ƙwayar kwalara a wani tafkin da mutane ke sha a Kalkata ta Indiya. A nan aka tabbatar cewa ruwa garau yana iya kisa.

Maganin ya zo a 1897 a garin Maidstone na Ingila. Taifod ta kama mutum kusan 2,000, ta kashe fiye da 100. Sai aka cika bututan ruwan garin da ruwan hodar bilic domin a kashe abin da ya maƙale a ciki, sannan aka ɗauraye. Ku lura da wannan da kyau, domin shi ne ainihin abin da mai ƙaramin jirgi ke yi duk shekara. A 1908 kuma Jersey City a Amurka ta fara zuba kulorin kaɗan-kaɗan a ruwan gari ba tsayawa.

Darasi na ƙarshe ya zo a 1976. Tsofaffin sojoji suka yi taro a wani otal a Philadelphia, kusan mutum 200 suka kamu da ciwon huhu, kimanin 30 suka mutu. A farkon 1977 aka gano ƙwayar, aka sa mata suna Legionella. Tana son ruwa mai ɗumi da ya kwanta a tanki ko bututu, kuma ba sai an sha ba, shaƙar feshinsa ma ya isa, kamar a wurin wanka da shawa.

Wani zai ce to ai da tankin zamani an huta. Ku ji labarin Robin Knox-Johnston. Yana da shekara 29 ya bar Falmouth a Ingila ranar 14 ga Yuni, 1968, a jirgin katako mai suna Suhaili, ya dawo ranar 22 ga Afrilu, 1969, bayan kwana 312. Shi ne mutum na farko da ya zagaya duniya shi kaɗai a jirgin filafilai ba tare da ya tsaya ko'ina ba. Tun tafiya ba ta yi nisa ba ruwan tankunansa ya gurɓace, sai ya koma tarar ruwan sama da ke gangarowa daga filafilai, kamar dai mutanen Bligh. Yau jirage da yawa suna da injin da ke matse ruwan teku ta cikin wata siririyar fata mai hana gishiri wucewa, fasahar da Sidney Loeb da Srinivasa Sourirajan suka inganta a jami'ar Kalifoniya wajen 1960, irin wadda masana'antun fiya wata da dama ke amfani da ita. Amma ruwan da injin ya tace ma, tanki yake komawa ya kwanta.

Yanzu mu dawo kan mai jirgi a watan Afrilu, mu ga abin da yake yi da dalilinsa.

Ruwa idan ya daskare yana ƙara girma da kusan kashi 9 cikin 100, ƙarfin da ya isa ya fasa bututu da injin tura ruwa. Shi ya sa kafin sanyi ake kwashe ruwan, a tura wani ruwan hana daskarewa mai launin hoda, furofilin gilaikol, cikin bututan. Ba irin na lagireton mota ba fa. Na mota yawanci etilin gilaikol ne, guba ce mai lalata ƙoda.

In sanyi ya wuce, abu na farko shi ne dubawa. A buɗe murfin tanki a haska, in akwai laka ko gansakuka a goge da hannu, domin kulorin ba ya ratsa datti mai kauri. A duba robar murfin da ake zuba ruwa ta saman jirgi, domin in ta tsage, ruwan teku da kashin tsuntsaye ta nan za su shiga. A duba ƙofar shan iskar tanki ko ƙwari sun toshe ta. Tiyon da ya yi baƙi daga ciki, a canza shi.

Na biyu, a zuba ruwa mai kyau, a buɗe famfuna ɗaya bayan ɗaya har launin hoda da kumfarsa su ɓace. Hitar ruwan zafi, wadda aka ware ta kafin sanyi, sai a mayar da ita layi, amma kada a kunna mata wuta sai ta cika, in ba haka ba ƙarfen da ke ɗumama ruwan ya ƙone.

Na uku, kulorin. A cire filtar gawayi tukuna, domin za ta shanye maganin. A rufe hanyar injin tace ruwan teku, domin kulorin yana lalata fatarsa. Awon da aka saba shi ne kimanin mililita 1 na bilic mai ƙarfin kashi 5 cikin 100 ga kowace lita ɗaya ta ruwa, wato tanki mai lita 200 zai ci mililita 200. Bilic ɗin ya zama marar turare, kuma a duba ƙarfinsa a jikin kwalba domin ba duka ne ɗaya ba. A sirka shi a bokiti kafin a zuba, a cika tanki, a buɗe kowane famfo da shawa, na zafi da na sanyi, har a ji warin bilic, sannan a rufe. A bar shi aƙalla awa 4, kada ya wuce kwana ɗaya, musamman in tankin na alminiyom ne, domin kulorin yana cin sa. Wannan ruwan ba na sha ba ne. Ƙarfinsa ya kai miligiram 50 a lita, ya ninka na ruwan famfon da ake sha sau da yawa.

Na huɗu, a zubar duka, a cika, a sake zubarwa, sau biyu ko uku har warin ya tafi. Wasu sukan bi da ruwan binega domin kashe sauran wari, to amma sai bayan an ɗauraye sarai, domin bilic da binega in sun haɗu iska mai guba suke fitarwa. A sa sabuwar filta, a rubuta kwanan wata. Alamar ƙarshe, in duk famfuna a rufe suke amma injin tura ruwa yana tashi da kansa, akwai inda ke yoyo, mai yiwuwa inda ƙanƙara ta fasa.

Shi kenan aikin. Kuɗinsa bai taka kara ya karya ba, iliminsa ma a buɗe yake ga kowa. To me ya sa mai ƙaramin jirgi ba ya wasa da shi? Saboda shi da iyalinsa ne za su sha. A jirgin Zong, masu jirgin suna zaune a Liverpool, ko kofi ɗaya ba za su sha daga gangunansa ba. Duk inda mai iko da tanki ya rabu da mai sha daga tanki, a nan ruwa ke fara tsami.

Mu nan ƙanƙara ba ta fasa mana bututu, amma muna da namu lokacin da ruwa ke kwanciya. Tankin makarantar kwana da ya yi dogon hutu a cikin rana, tankin ɗakunan ɗalibai bayan yajin aiki, na asibitin unguwa, na masallaci, da wanda ke saman gidajenmu. Zafinmu ma ya fi dacewa da ƙwayoyin nan fiye da sanyinsu. Tambayoyin da ya kamata mu riƙa yi ba su da wuya: yaushe aka wanke tankin nan na ƙarshe, aikin wa ne, kuma shi mai aikin yana sha daga ciki? In hutu ya kusa ƙarewa, iyaye da ƙungiyoyin ɗalibai suna da haƙƙin su yi wa shugabannin makaranta wannan tambayar kafin yara su koma.

A nan za mu dasa aya a wannan makon. Wanda ya taɓa leƙa cikin tankin gidansu ko na makarantarsu, ya gaya mana abin da ya gani. Ku tura wa wanda kuka san tanki na hannunsa. Allah Ya ba mu lafiya da zama lafiya, sai mun haɗu a shiri na gaba. Wassalamu alaikum.